Masu Rub-da-ciki a Bahar Maliya

Basiru mai keke ne ya tsokano wannan magana. Ina zaune a rumfar mai shayi ta bakin tashar Kaura, ina jiran motar Shinkafi ta cika, sai ya zo ya kanga mini waya a hanci. Wani farin jirgi ne yana tsaga shuɗin ruwa, mutanen ciki sun ɗaga hannuwa suna ihu, can kuma ga su kwance bisa ruwa, kowa da bututu a baki.

"Baba Nomau, wai aikin ga na kay yi Saudiyya? Yo wanga aiki na? Ai shan iska na, kuma a biya ka. Wallahi ni ko kyauta sai in yi shi."

Sauran yaran suka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don motar ta cika, kuma ba na son fara magana da ƙafa ɗaya a cikin mota. Amma abin ya tsaya mini a rai har Shinkafi. To ga amsar nan, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni ɗan fito ne, gaba da baya. Gidanmu can wajen Gurbin Bore yake, kuma tun kakanni mu ke ƙetarar da mutane idan gulbi ya kawo da damina. Da gora muka fara. Mutum ya ɗora ƙirji bisa gorar, kayansa a ka, kai kuma kana iyo kana tura shi har tsallake. Daga baya Baba ya sami kwalekwale. Duk koyon da na yi a hannunsa, hani biyu ne kawai ya nanata mini har suka zama jini. Na fari, in ka ga mutum rub-da-ciki, fuskarsa a ruwa, ba a sallama, ba a tambaya, faɗawa ake yi a kamo shi ta ƙeya. Na biyu, mai fito ba ya leƙen ƙarƙashin ruwa. Baba kan ce, "Ruwa ɗakin wasu na. Mu bisa ruhin ɗakin muka wucewa da izini. Wanda anka bari ya bi ta bisa ruhi, ba shi leƙa ɗaki." Ban taɓa tambayar su wane ne masu ɗakin ba. Ruwan gulbinmu ma kamar kunun tsamiya yake, ko ka leƙa ba abin da za ka gani, saboda haka hanin bai taɓa yi mini nauyi ba.

Da zama ya gagara a ƙauye, kun san dalili, muka kwaso iyali muka dawo Kaura gidan haya. Ba gona, ba gulbi. Wani ejan ya sama mini biza a kan zan yi tuƙin mota, na tafi. Da na isa, sai aka ce motar ta sami direba, amma mai gidan da zan yi wa aiki yana da jirgi a wani gari na bakin Bahar Maliya, arewa da Jidda. Aka tambaye ni ko na san ruwa. Ni da aka haifa a bakin gulbi? Na bugi ƙirji na ce ruwa ai gidanmu ne. Da na san abin da ke gaba da na rage ƙarfin bugun.

Ranar farko ba ta fita raina. Jirgin fari ne, dogo, da inji biyu a baya da rumfar tamfol a tsakiya. Matuƙinsa Rayyis Salihu, wani gajeren mutumin Sudan mai farar jallabiya da muryar da ta fi jikinsa. Rayyis shi ne shugaban jirgi, maganarsa ce ƙarshe a bisa ruwa. Bai iya faɗin Nomau ba, sai ya raɗa mini Nu'uman, sunan ya bi ni har na baro ƙasar. Muka ɗauki Turawa da wasu 'yan Filifin, ya taka wuta, hancin jirgin ya ɗaga sama. Muka yi ta gudu har ƙasa ta ɓace. Can tsakiyar ruwa, ba gaɓa, ba gari, ba kowa, sai ya kashe inji ya nuna mini ƙugiyar tsayar da jirgi in jefa. Na jefa, ina tunanin lalacewa muka yi. Fasinjojin suka tuɓe, suka ɗaura gilashi a fuska, suka sa wasu takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, suka sulala ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na juya in gyara igiya. Ko da na waiwayo, duk jirgi guda na mutane suna kwance rub-da-ciki, hannuwa a baje, ba mai motsi.

Na kwarma salati na faɗa. Wanda ya fi kusa wani ƙaton Bature ne mai sanƙo, ba gashin kamawa, sai na damƙi robar gilashinsa ta ƙeya na fizgo. Ya taso yana tari yana zagi, ya make ni da takalmin agwagwar. Na ce alhamdu lillahi wannan da ransa, na sake shi na nufi na biyu. Sai da na tayar da mutum uku kafin ihun Rayyis ya shiga kunnena. Da na hau jirgi na tarar da shi zaune dirshan a ƙasa, dariya ta hana shi tashi. Ya ɗauki bututun da ke maƙale da gilashin ya sa a bakinsa ya hura, ya nuna mini yadda iska ke shiga ta sama. Na gane da kai. Amma jikina bai gane ba, kuma jiki ne ke faɗawa ruwa.

Wankin gilashi shi ne aikina na farko kowace safiya, kuma a nan yaro irin Basiru zai fara gudu. Kowane gilashi da bututunsa sai ka wanke da ruwan daɗi, ka goge robar da mutum ya ciza jiya, ka duba ko haƙori ya huda ta. Ka ɗiga sabulu kaɗan a cikin gilashin don kada ya yi hazo, in ya yi yawa kuma ya shiga idon mutum, kai za a zaga. Rigunan soso masu hana nutsewa ka shanya su, ka duba maɗaurinsu. Ka ɗauko ƙanƙara ka cika kula, ka jera ruwan sha, ka ajiye bokiti da lemun tsami kusa, don a kowace tafiya sai an sami wanda karin kumallonsa zai dawo. Mai gashin baki gilashi ba ya kama masa, ruwa na shiga ta ƙasa, sai ka shafa masa man shafawa a gashin, kana yi kana ba shi haƙuri da hannu. Ƙugiya kuma ba a jefa ta inda aka ga dama. Sai ka nemi farin yashi, don in ta faɗa bisa murjani ta karya shi, hukuma ba ta wasa. Murjanin nan da matanmu ke ɗaurawa a wuya, can dutse ne mai rai a ƙarƙashin ruwa, haka aka ce mini. Ni dai daga sama baƙi-baƙi nake hangowa in kauce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Aikin na gaskiya shi ne tsayuwa a gefen jirgi, rana na dukan ka, kana kallon bayan mutane. Na roƙi Rayyis ya koya mini yadda ake bambanta mai kallo da mai mutuwa, tunda kwanciyarsu ɗaya. Larabcina na bakin tasha ne, amma ya isa.

Ya ce, "Dubi ƙafa. In tana motsi, lafiya yake."

Na ce, "In ba ta motsi fa?"

"Gwani ne. Gwani ba ya wahalar da ƙafa."

"To mai nutsewa ai sai ya yi ta bugun ruwa."

"A'a, mai bugun ruwa sabon shiga ne. Mai nutsewa shiru yake yi."

Na tsaya na haɗa maganar. "Rayyis, wato mai shiru ko dai gwani ne, ko mai mutuwa?"

Ya ce, "Yauwa, ka gane," ya juya ga injinsa.

Ya ƙara mini da cewa in dubi bakin bututu, in yana fesar da ruwa jefi-jefi to mutum na numfashi. Amma wanda ya iya ba ya barin ruwa ya shiga balle ya fesar. Rigar soso kuma, wadda na ɗauka za ta sauƙaƙa, ita ta ƙara dagula lissafin, don tana ɗauke da mai rai da wanda ya suma daidai wa daida. A gulbinmu mutum ko yana sama yana ihu, ko ya tafi. Nan kuwa an ƙirƙiro wani hali na tsakiya, kuma kuɗi ake biya a shige shi.

Su kansu fasinjojin ban taɓa gane musu ba. A fito, mutum na ƙetarewa ne don yana da buƙata a tsallake, kasuwa ko gaisuwar mutuwa ko biko. Waɗannan sai mu kai su tsibiri, tulin yashi fari ba ko bukka, su sauka su yi ta murna. Ga inuwar rumfa, su kwanta a rana. Mu kwashe su mu kai wani tsibirin da ba shi da maraba da na farko, su sake sabuwar murna. Kifi na zuwa har hannunsu, ba mai kamawa, kuma an hana. Kifin da za mu gasa musu da rana kuwa daga kasuwa muke saye da safe, mu ɗauko shi cikin ƙanƙara, mu ratsa da shi ta bisa kan 'yan'uwansa. Da yamma mu mayar da kowa daidai inda muka ɗauke shi, ba wanda ya ƙaru da ko tsinke, su yi ta godiya. Na bar tambaya, na ce ikon Allah ya fi gaban mai fito.

Faɗawata ta biyu wata tsohuwa ce, ashe kunkurun ruwa take bi da ido. Rayyis bai yi dariya ba. Ta uku wani Balarabe ne mai ji da kansa, ya kai ƙara har wurin mai gida. Da yamma Rayyis ya zaunar da ni bisa kula ya ce, "Nu'uman, mai gida ya ce in ka ƙara taɓa fasinjan da bai nemi taimako ba, ka tattara. Ni ma ba zan iya tare maka ba." Na tuna gidan hayan Kaura da bakunan da ke cikinsa, waɗanda ba su da gona sai wannan jirgi. Daga ranar na koyi riƙe ƙarfen gefen jirgi da hannu biyu. In wani ya daɗe shiru sai in damƙe ƙarfen, in yi ta salati a zuci har ya motsa. Tafin hannuna ya yi kanta, ba don jan igiya ba.

Shekarar korona ce mummunar shekararmu. Jirage suka yi layi a ɗaure, ba baƙo ko ɗaya, albashi ya koma rabi, rabin ma sai an ga dama. Aka sallami ma'aikata da yawa. Rayyis ya ce shi ba zai iya da jirgi shi kaɗai ba, alhali jirgin ko motsi ba ya yi, da haka na tsira. Wake da burodi muke ci a kwano ɗaya safe da yamma. Jirgin da ke zaune kuwa wasu ƙananan katantanwa ke manne masa a ciki, sai an shiga ƙarƙashi an kankare. Rayyis ya miƙo mini gilashi, na ƙi karɓa. Na shiga da ido rufe ina lalube ina kankara, na fito yatsu duk jini. Ya ce wai haukan mene ne wannan. Na faɗa masa hanin Baba, ina jiran dariya. Bai yi ba. Ya ce shi ma ubansa ya hana shi yin fito da baki a cikin jirgi, kuma har yau bai san dalili ba. Daga nan shi ke shiga ƙarƙashi, ni ina miƙa masa kaya. Ya san sarai ban taɓa sa gilashin nan a fuskata ba.

Da duniya ta buɗe, aiki ya dawo da sabon tsanani. Yanzu kowane fasinja yana rubuta ra'ayinsa a waya, mai gida na karantawa. Gargaɗin nan nawa yana nan bai tsufa ba.

Wata safiya ina wankin gilashi sai na ji ana cewa a bayana, "Kai Mustafa, wanga ɗan abu za mu shiga? Ina jirgin shike?" Bututu ya faɗi daga hannuna. Hausa, kuma irin tamu. Dattawa ne 'yan kasuwar Shinkafi, sun gama Umara, da manyan riguna da butoci. Babbansu Alhaji Maidamma, dillalin hatsi, ɗansa Mustafa da ke karatu a can shi ya shirya musu yawon don ya burge uban. Na durƙusa na gaishe su. Alhaji ya riƙe hannuna ya ƙi saki, sai da ya tambayi gidanmu, ya gano ya taɓa hawa kwalekwalen Baba. Ya ɓallo goro ya ba ni. Rabona da goro har na manta ɗacinsa.

Tun da muka tashi bakin Alhaji bai rufu ba. Gudun jirgi ya cire masa hula, ya yi magana a kan hular. Ya yi magana a kan farashin gero. Da muka isa tsibirin farko ya sauka ya tattare riga, ya dubi gabas ya dubi yamma.

"Nomau, ina mutanen garin?"

"Alhaji, babu kowa. Haka nan shike."

"To wa munka zo gaidawa?"

"Ba kowa, Alhaji. Kallo na."

"Kallon mi? Rairai? Mustafa, rairai nir rasa Shinkahi da za ka kawo ni nan?"

Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina. Shekaru ina ɗauke da tambayar nan ni kaɗai, yau ga dattijo mai hankali ya yi ta da babbar murya. Suka yi azahar bisa yashin, suka ci kifin kasuwa, Alhaji ya tambayi inda aka kama shi, na faɗa masa gaskiya, ya ajiye loma ya daɗe yana kallona.

Daga nan muka je wurin murjani, na jefa ƙugiya. Sauran dattawan suka ce su kam ba da su ba. Mustafa ya yi ta lallashi. Can Alhaji ya miƙe ya tuɓe babbar riga.

"In koma gida a ce mi kag gani, in ce rairai? Kawo abin ga."

Na ɗaura masa rigar soso bisa singileti, na shafa masa mai a gashin baki, na gwada masa cizon bututu. Ya sauka ta tsani da wandonsa yana ta bismilla. Da farko ya yi ta bugun ruwa yana ɗago kai yana faɗa, ruwan gishiri ne, gilashin ya matse, wa ya ƙirƙiro wannan wahala. Na ce madalla, sabon shiga. Sai ya sake kifa fuska. Ƙafa ta buga sau ɗaya, ta sake bugawa a hankali, ta tsaya.

Na kama ƙarfe. Ruwa ya fara jan sa sannu-sannu yana nisa da jirgi, hannuwa a baje. Na dubi bakin bututu, ba feshi. Na ce gwani ba ya feshi. Amma yaushe dillalin hatsi ya zama gwani? Mutumin da tun safe bai yi shiru na haɗiyar yawu ba. Na kira, "Alhaji!" Kunnuwansa na cikin ruwa. Mustafa na ɗaukarsa a waya yana dariya yana cewa Baba ya ƙware. Na waiwaya, idon Rayyis na kaina.

Ya ce, "Nu'uman. A'a."

Na ga gidan haya, na ga buhun hatsin da ake aunawa a ciki. Na kuma ga kaina ina shiga Shinkafi ana nuna ni, ga ɗan mai fiton da Alhaji Maidamma ya mutu a gabansa yana riƙe da ƙarfe. Ban san lokacin da hannuna ya saki ba.

Na kamo shi ta ƙeya na birkito shi. Ya yi wani irin tari, ruwa ya fito ta baki da hanci, idanu jawur. Na jawo shi har tsani, aka taru aka ɗaga shi. Ya zauna yana haki, ba ya kallon kowa. Rayyis ya zo ya tsaya a kansa ya ce wa Mustafa, wanda Larabcinsa ya fi nawa nesa, ya tambayi uban ko yana cikin wahala ne aka ɗauko shi. Na matsa kusa na ce a hankali, "Alhaji, abincina na bisa amsar ga. In kac ce lahiya kake, sun kore ni."

Alhaji ya dube ni, ya dubi Rayyis, ya share fuska.

"Ɗana, shekaranjiya nig gama ɗawahi. Ba ni buɗa baki da ƙarya yanzu, ko don kai. Wani kihi nig gani, shuɗi da rawaya, kamar an yi mai aikin zare. Ina bin shi da ido, sai nij ji wani sanyi ya ratsa ni, da wani daɗi, irin barcin da ka ɗaukar mutum bayan sahur. To ko kallo na, ko tahiya ta, Allah shi as sani. Ni dai ban sani ba."

Na ce, "Alhaji, kana lumfashi ko ba ka yi?"

"Yo wa ka tuna lumfashi a wurin ga?"

Mustafa ya juya maganar kaf, bai rage ba bai ƙara ba. Rayyis ya tsaya yana jujjuya ta, kamar yadda na jujjuya tasa shekarun baya. Sannan ya ce fasinja bai nemi taimako ba, kuma an ɗauka a waya, gobe in zo in karɓi kuɗina. Na ce to. Ban ji haushin Alhaji ba, amma na rasa me zan faɗa wa mutanen gida.

Sauran zango ɗaya, wani ɗan tsibiri da muke tsayawa da la'asar kafin a juya. Na jefa ƙugiya, na zauna a gefe. Alhaji ya matso da gilashin a hannu.

"Kai, shekara nawa kana aikin ga, mi ka gani ƙasan?"

Na ce ban taɓa leƙawa ba, na faɗa masa hanin Baba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san irin hanin, mutanen da ba su magana a banza. Sannan ya miƙo mini gilashin.

"Amma hanin ga mai hito na. Kai ko an kore ka. Yanzu baƙo kake kamar mu, kuma baƙo ba a hana mai kallo. Amshi."

Na nemi inda maganar ta karkace ban samu ba. Na karɓa. Gilashin da na wanke sau ba adadi, sai da Mustafa ya gyara mini zamansa. Na yi bismilla, na nemi afuwar masu ɗaki, na kifa fuska.

Ba zan iya faɗa muku ba, kuma wayar Basiru ƙarya take yi. Kamar ka hau rufin shago ran Alhamis ka leƙa kasuwar Shinkafi, kowa da kayan salla, ana ta kai da kawo, amma ba ko tari. Ga murjanin da nake kauce wa, gari guda da lunguna da ƙofofi. Wani ƙaramin kifi ya fito daga ƙofarsa ya tsaya daidai hancina yana duba na, ni ma ina duba shi. Na manta da kora, na manta da ƙafafuna. Ban san iya daɗewar da na yi ba.

Sai na ji an damƙi ƙeyata an fizge ni sama.

Na taso ina tari. Rayyis ne, da jallabiyarsa, hularsa na yawo bisa ruwa, wayarsa na aljihu. Mutumin da ban taɓa ganin ya jiƙa ko gwiwa ba a gaban fasinja. Yana riƙe da wuyana yana haki.

"Don me ba ka motsi?"

"Kallo nake, Rayyis."

"Ka tabbata?"

Na buɗe baki in ce na tabbata. Na tuna sanyin nan da ya ratsa ni, da daɗin, irin na Alhaji. Na ce, "Ban sani ba."

Daga cikin jirgi Alhaji ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Mustafa, tambayi mai jirgin, shi wa yan nemi taimakonai?" Mustafa dai yana da hankali, bai juya wannan ba.

Muka hau jirgi, Rayyis ya tayar da inji. Ya tuƙa jirgin har gaɓa, ruwa na ɗiga daga jallabiyarsa. Dattawa suka sauka, Alhaji ya damƙa mini sauran goronsa, ya ce in na dawo gida in neme shi. Na shiga tattara 'yan kayana, tsohuwar riga da kofin shayi. Rayyis ya jefo mini tiyon ruwa a ƙafa.

"Wanke gilasan nan. Gobe akwai mutane."

Abin da ya faɗa wa mai gida ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na ci gaba da aikin har gwiwoyina suka ƙi hawan tsani, na dawo Kaura da ƙafata. Ban sake sa gilashin ba, tunda na koma mai fito. Na ɗauko mutane da dama bayan Alhaji. Wasu sun zage ni, wasu sun yi godiya, kuma har gobe ba zan iya dafa Alƙur'ani a kan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wannan shi ne shan iskar, Basiru. Abu ɗaya dai ya sauya daga ranar. In wani ya daɗe shiru bisa ruwa, na kama ƙarfe na waiwaya, Rayyis ba ya ƙara cewa a'a. Sai ya juya mini baya ya durƙusa yana duba injin da ba abin da ya same shi.